Ɗauke tagwayen faifai daga tsohuwar uwar garke zuwa sabuwa: tambayoyi da amsoshi

Masu kula da kwamfutoci a cibiyoyin jarrabawa da ƙananan asibitoci a Gusau da Kaura Namoda sun san wannan hali: wuta ta dawo da ƙarfi, uwar garke (wato server, babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan sauran) ta ƙone, amma faya-fayan ajiya biyu da ke cikinta lafiyarsu ƙalau. Ga abin da aka fi tambaya.

Mene ne tagwayen faifai?

Tsarin da ake kira RAID 1, ko madubi, ke nan. Duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya, nan take ake rubuta shi a ɗayan. Faifai biyu masu terabait 2 kowanne, terabait 2 kawai za su ba ka, amma in ɗaya ya mutu aiki ba ya tsayawa.

In na cire su na saka a wata na'urar, za ta gane su?

Galibi tana ganewa, domin bayanin cewa su tagwaye ne a jikinsu yake rubuce. Abin da za ka fara bincika shi ne wa ya haɗa su tun farko: manhaja ce ko katin RAID, wato katin da ke sarrafa faya-fayan a cikin na'urar?

In Linux ce, umarnin `mdadm --examine` zai nuna maka bayanin, `mdadm --assemble --scan` kuma ya haɗa su. Sunan na iya canzawa daga md0 ya koma md127, don haka ka rubuta lambar shaida ta UUID a fstab, fayil ɗin da ke lissafa faya-fayan da za a ɗora in na'ura ta tashi, kada ka dogara da suna. A Windows za su fito a matsayin baƙi, sai ka zaɓi Import Foreign Disks. Manhajar ajiya ta ZFS ta fi sauƙi: `zpool export` a tsohuwar, `zpool import` a sabuwar.

Na kati ya fi tsauri. Faifan da katin PERC na Dell ya haɗa, nemi kati ɗan gidansu. Galibi katin HP ba zai karanta tsarinsu ba.

To, ina haɗarin yake?

A hannun mai aikin yake, kuma nan ne nake so a nutsu. Sabon kati zai ce ya ga baƙon tsari, ya ba ka zaɓi biyu, Import ko Clear. Na farkon karɓa ne, na biyun share tsarin ne. Haka Windows in ba ta gane faifai ba, za ta nemi ka danna Initialize ko Format, kamar taimako take yi maka. Kada ka danna. A Linux kuma kada ka kuskura ka buga `mdadm --create` a kan faifan da ke da kaya, don sabon tsari zai rubuta a kan tsohon.

Sau da yawa gaggawa ce ke jawo wannan: mai gida na tsaye a kanka, ɗalibai na jira a waje. Gaya masa ya ba ka awa ɗaya. Bayanan marasa lafiya na shekara biyar sun fi awa ɗaya daraja.

Tunda iri ɗaya ne, zan iya ɗaukar ɗaya in bar ɗaya?

Za ka iya, zai tashi a gurgunce. Amma da zarar an yi rubutu a kansa, sun daina zama iri ɗaya. In daga baya ka haɗa su ka kuskure wanda za a kwafa daga gare shi, tsohon bayani zai danne sabo. Manna wa kowanne takarda da lambarsa tun kafin ka cire.

Ai madubin ya isa, sai na sake kwafa a wani wuri?

Bai isa ba. Abin da ka goge bisa kuskure, a duka biyun ya gogu, haka ma ɓarnar ƙwayar cutar kwamfuta. In tsohuwar na'urar tana tashi, kwafe komai a faifai na uku, duba lafiyar tagwayen da umarnin `smartctl`, sannan ka kashe ta yadda ya kamata domin katin ya sauke abin da ya riƙe a ƙwaƙwalwarsa. In akwai BitLocker, makullin faifai na Windows, nemo mabuɗin nan mai lambobi 48 kafin ka taɓa sukurudireba.

In tafiya za a yi da su fa?

Ko daga Gusau zuwa Talata Mafara ne, sa kowanne a ledarsa mai hana tartsatsin lantarki, a naɗe da soso, a riƙe a cikin mota. But ɗin mota ya yi zafi, ga girgiza. In an isa, a bar su su huce, kuma kada a kunna sabuwar uwar garken sai an haɗa ta da UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, domin sake daidaita tagwaye yakan ɗauki awoyi.