Jita da Jita-jita: Waiwaye Kan Labarin Mawaƙan da Aka Ce Sun Sayar da Ransu

Da zarar wani mawaƙi ya yi tashe cikin dare ɗaya, ko ya rufe ido guda da tafin hannu a hoto, ko ya mutu da ƙuruciyarsa, sai wayoyi su ɗauki zafi. Wannan ya ce ɗan Illuminati ne, wancan ya ce ai da ma a harkar nan ba a buɗe maka ƙofar ɗaukaka sai ka miƙa wa Shaiɗan ranka. Har a teburin mai shayi an sha tashi baram-baram a kan maganar. Masu musu suna cewa sharrin intanet ne, masu gaskatawa suna cewa intanet ɗin ce ta tona asiri, kuma dukkansu sun ɗauka jiya-jiyan nan abin ya fara. Alhali zancen ya girmi kakan wayar hannu.

Ita ƙungiyar asiri ta Illuminati ta ainihi a 1776 aka kafa ta a yankin Bavaria na Jamus, hukuma ta haramta ta a 1785. Zargin makaɗa da ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan kuwa tafiyarsa daban. Niccolò Paganini, gwanin gogen Turawa ɗan Italiya, ya sha wannan tsegumi tun yana raye saboda saurin yatsunsa, kuma da ya mutu a 1840 coci ta hana a yi masa jana'iza irin tata, gawarsa ta daɗe tana gararamba kafin ta samu makwanci a Parma. Mu ma nan gida idan makaɗi ya gagari tsara, akwai mai cewa iskoki ne ke ba shi waƙa.

Amma labarin da ya zama uwa ga duk na yanzu, na wani baƙar fata ne ɗan jihar Misisipi ta Amurka, Robert Johnson, mai kaɗa jita da rera waƙoƙin blues, wani salon kiɗan baƙar fatan Amurka. Yadda ake ba da shi: yaro ne da bai iya komai ba, ya ɗauki jitarsa da tsakar dare ya je mararrabar hanya, wani ƙaton mutum ya fito daga duhu ya karɓi jitar ya saita mata tsirkiya ya mayar masa. Daga daren nan babu mai ja da shi. Shaiɗan ya zo karɓar bashinsa a 1938, Johnson yana da shekara 27.

Abin da aka tabbatar game da shi bai taka kara ya karya ba. An haife shi a Hazlehurst a 1911. Waƙoƙi 29 kacal ya naɗa, wasu a ɗakin wani otal a San Antonio a 1936, sauran a Dallas a 1937, kuma faifansa da ya fi kasuwa dubbai kaɗan ya sayar. Ya rasu ranar 16 ga Agusta, 1938 kusa da garin Greenwood. Takardar shaidar mutuwarsa, wadda sai a 1968 wani mai bincike ya tono ta, ba ta faɗi dalili ba, iyaka an rubuta cewa babu likita. Ana raɗe-raɗin wani miji mai kishi ne ya sa masa guba a giya. Yau wurare uku ne ke ɗauke da dutsen kabarinsa. Waƙarsa ta mararraba ma, Cross Road Blues, ko sau ɗaya ba ta ambaci Shaiɗan ba. Mutum ne ya durƙusa yana roƙon Ubangiji rahama, rana na faɗuwa, yana tsayar da motoci babu mai ɗaukarsa. Wanda ya san abin da ke samun baƙar fata idan dare ya riske shi a baƙon wuri a Misisipin wancan zamani ya san tsoron wa yake ji.

To yaya aka yi Shaiɗan ya shiga? Nan ne wurin da masu gardama ba sa tsayawa, kuma shekara goma ce tak, daga 1961 zuwa 1971.

A 1961 aka tattara waƙoƙinsa 16 aka fitar a faifai guda. Ba a san da wani hotonsa ba a lokacin, don haka zane aka sa a bango, na wani mutum da ya sunkuya a kan jita ba a ganin fuskarsa sosai. Faifan ya faɗa hannun samari fararen fata a Amurka da Ingila, irin su makaɗa Eric Clapton da Keith Richards, waɗanda ba su taɓa taka gonar auduga ba. Suka ji murya mai tayar da tsikar jiki, suka ji waƙoƙi biyu-uku masu ambaton Shaiɗan da karen wuta, suka nemi tarihin mai muryar suka tarar wayam. Talaka ne ɗan yawon duniya, mai sauya suna daga gari zuwa gari, a ƙasar da ba ta damu da rubuta rayuwar irinsa ba. Ramin da aka bari a buɗe kuwa, kowa abin da ke hannunsa yake zubawa.

Ana cikin haka a 1964 aka gano tsohon makaɗi Son House a Rochester ta jihar New York, ya daɗe da ajiye jita. Ya san Johnson tun yana yaro a Robinsonville, kuma yana da labari mai daɗi: yaron yakan ɗauki jitar manya idan sun fita shan iska, ya yi ta ƙwaranniya har jama'a su roƙi a ƙwace. Sai ya ɓace, da ya dawo ya zauna ya kaɗa, baki ya mutu. A wata hira da aka buga a 1966 aka ruwaito tsohon yana cewa yaron ya sayar wa Shaiɗan ransa ne ya samu wannan hannu. Sai dai a kula da bakin da maganar ta fito. Son House ya taɓa zama mai wa'azi a coci, kuma a cocin baƙar fata na Kudu, blues sunansa kiɗan Shaiɗan. Duk wanda ya bar waƙar coci ya koma kaɗa wa mashaya daren Asabar, a wurinsu ya sayar da ransa, kamar yadda tsohuwa za ta ce jikanta ya shiga duniya. Shi kansa Johnson ya ɗanɗana wannan, domin lokacin da matarsa ta rasu wajen haihuwa a 1930, danginta sun ɗora abin a kan kiɗan da yake yi. Salon magana ne na cikin gida, baƙin kunne suka ɗauke shi a matsayin rahoto. Masu hira da suka biyo baya sun yi ta zungurar tsohon ya maimaita, bai tabbatar musu ba.

Ita kuwa mararraba da tsakar dare da ƙaton mutum, daga gidan wani aka aro su. Akwai Tommy Johnson na Crystal Springs, shi ma makaɗin blues, ya girmi Robert kuma babu dangantaka tsakaninsu sai ta suna. Ɗan'uwansa ya shaida wa wani mai bincike cewa Tommy da bakinsa yake ba da wannan labari, aka buga shi a littafi a 1971. Ba shi ya ƙirƙira ba. Tsohon camfi ne a Kudancin Amurka cewa a mararraba ake samo gwaninta, ta kiɗa ko ta caca, kuma masana da dama na danganta shi da abin da bayi suka tafi da shi daga Afirka ta Yamma, inda Yarbawa ke da Eshu mai tsaron mararraba. Bahaushe ma ya san ba banza ake kai wasu abubuwa mararraba a zubar ba. Wani makaɗin zamanin, Peetie Wheatstraw, surukin Shaiɗan yake kiran kansa a jikin faifansa, don talla. Johnson biyu, jiha ɗaya, kiɗa ɗaya, ɗaya ya shahara bayan mutuwa ɗaya an manta da shi. Sannu a hankali rigar Tommy ta koma wuyan Robert. Johnny Shines, wanda ya yi yawon gari-gari da Robert, ya musanta labarin, amma wa ke sauraren mai ɓata hira?

Daga nan gangara ce. Wani fim na 1986 ya kai labarin gidajen sinima. A 1990 aka fitar da dukkan waƙoƙinsa, suka sayar fiye da miliyan. Mutuwar mawaƙa Jimi Hendrix da Janis Joplin a 1970, da Jim Morrison a 1971, da Kurt Cobain a 1994, da Amy Winehouse a 2011, duk a shekara 27, ta sa aka naɗa Johnson uban tafiya. Wani nazari da mujallar likitoci ta Birtaniya ta buga a 2011 ya duba mawaƙa fiye da dubu, bai ga wani tudun mutuwa a 27 ba, ya dai ga suna mutuwa da wuri fiye da sauran jama'a. Ko a jikin masu yaɗawa.

Ɓacewar da Son House ya ba da labari, wadda a tatsuniya dare ɗaya ce, ta kusa shekara biyu. Johnson ya koma wajen Hazlehurst ne ya haɗu da wani ma'aikacin gyaran hanya mai suna Ike Zimmerman, gwanin jita da bai taɓa naɗar faifai ba. Ya tare a gidansa kamar ɗan gida. Idan dare ya yi, don kada su hana iyali da maƙwabta barci, sai su ɗauki jita su tafi maƙabartar Beauregard, su zauna a kan duwatsun kaburbura, malami na nunawa almajiri na maimaitawa. Sauran kuma daga faifan garmaho ya kwasa, na Leroy Carr da Skip James da Lonnie Johnson, domin kunne gare shi mai kama waƙa a ji ɗaya.

Zimmerman daga baya ya bar blues ya zama mai wa'azi, ya koma Kalifoniya da zama. Yana raye lokacin da aka buga hirar 1966, sai a 1967 ya rasu. Shekara kusan 40 bayan haka masu bincike suka kai ga 'yarsa, ita ta ba su labarin maƙabartar.