Hogan Bassey

Hogan Bassey, wanda aka fi sani da laƙabin Kid, ɗan damben boksin ne na Najeriya, kuma shi ne ɗan ƙasar na farko da ya ci kambun duniya. An haife shi a Creek Town kusa da Kalaba ranar 3 ga Yuni 1932, ya rasu a Apapa, Legas, ranar 26 ga Janairu 1998. Sunansa na yanka Okon Asuquo Bassey. Damben da ya yi shi ne na safar hannu da zagaye-zagaye, ya bambanta da damben gargajiya da Hausawa suka gada daga mahauta, inda ake naɗe hannu ɗaya da zare.

Tasowa da tafiya Ingila

A Legas ya girma, a nan kuma ya fara dambe, har ya yi suna tun bai cika shekara 20 ba. A farkon shekarun 1950 ya koma Libaful ta Ingila, inda ake samun wasa a kai a kai da kuɗi mai kauri. A 1955 ya buge Billy Kelly a Belfast, ya karɓi kambun Daular Birtaniya na ajin masu nauyin kilo 57.

Kambun duniya

Kambun wannan aji ya zama babu mai riƙe da shi a 1957, bayan Sandy Saddler ya ajiye dambe saboda raunin da ya ji a ido a haɗarin mota. Sai aka haɗa Bassey da Cherif Hamia, haifaffen Aljeriya mai wakiltar Faransa, a birnin Paris ranar 24 ga Yuni. Tun a zagaye na 2 Hamia ya kai shi ƙasa a gaban 'yan kallon da ke goyon bayan Hamia. Bassey ya miƙe, ya yi ta dukan abokin karawarsa har alƙalin wasa ya tsayar da faɗan a zagaye na 10. Wannan nasara ta zo ne shekara 3 kafin Najeriya ta samu 'yancin kai, shi ya sa jama'a suka ɗauke ta a matsayin ta ƙasa baki ɗaya.

A 1958 ya kare kambunsa a Los Angeles, inda ya kayar da Ricardo Moreno na Meziko a zagaye na 3. A wannan shekarar kuma ya doke tsohon zakara Willie Pep a wani wasa dabam. Davey Moore ɗan Amurka ne ya ƙwace kambun a watan Maris 1959, bayan jini daga girar Bassey ya rufe masa ido. Suka sake karawa a watan Agusta, Moore ya sake yin nasara, daga nan Bassey ya yi ritaya yana da shekara 27.

Aikin horarwa

Ya dawo Legas ya zama mai horar da tawagar damben ƙasa, ya daɗe yana wannan aiki. A zamaninsa Nojeem Maiyegun ya ci tagulla a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, lambar farko da Najeriya ta taɓa samu a gasar, Isaac Ikhouria kuma ya ci irinta a Munich a 1972.

Karramawa

Birtaniya ta ba shi lambar girmamawa ta MBE a 1958, Najeriya kuma ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, MON.