Mece ce "AF" da ake faɗa bayan tiyatar zuciya?

A unguwar Nima ko Mamobi da ke Accra, idan aka yi wa mutum aikin zuciya a asibitin Korle Bu, da zarar ya farfaɗo 'yan'uwa sai su ɗauka an tsallake. Ana nan, a rana ta biyu ko ta uku, na'urar gefen gado ta kama ƙara, nas ta duba ta ce AF ce. Sai ka ga inna ta soma salati, a zatonta aikin bai yi ba.

AF taƙaita sunan wata rikicewar bugun zuciya ce, wadda likitoci ke kira atiriyal fibirileshan. Zuciya ɗaki huɗu gare ta. A ɗakin sama na dama akwai ɗan gurbi mai fitar da lantarki, shi ke ba da kiɗa, bugu 60 zuwa 100 a minti. Idan AF ta zo, ɗakunan sama sukan daina matsewa su koma karkarwa, na ƙasa kuma su yi ta bugawa ba tsari, galibi da sauri. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannun majinyacin ka ji: biyu a guje, shiru, uku a jere, kamar makaɗin kalangu da hannunsa ya kuɓuce.

Kusan mutum ɗaya cikin uku kan gamu da ita bayan irin wannan aiki, musamman tsofaffi da waɗanda aka sauya wa bawul, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya a zuciya. Zuciyar da aka yanka aka ɗinke dole ta kumbura, ga fotasiyam da maganiziyam na jini sukan yi ƙasa. Likitoci sun san da zuwanta. Sukan rage saurin bugun da magani, ko su ba da amiyodaron, maganin daidaita bugu, in ta ƙi a sa majinyaci barci a gyara bugun da lantarki. Yawanci cikin 'yan makonni ta lafa.

Ni abin da ya fi damuna yana gida, bayan sallama. Ɗakin da ke karkarwa ba ya tura jini sosai, jinin kan kwanta ya daskare, gudan ya bi jijiya har ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Shi ya sa ake ba wasu maganin tsinka jini kamar wafarin, a riƙa gwajin jini a kai a kai. Amma da Alhaji ya ji ƙarfi ya fara fita masallaci, sai ya ajiye ƙwayar, ko a haɗa masa da jiƙon da maƙwabci ya kawo, alhali wasu saiwoyi suna ɓata aikin wafarin. In baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya yi nauyi, ko da tsakar dare ne a nemi tasi zuwa asibiti.