Farin ciki da wadatar zuci

Farin ciki shi ne daɗin da mutum ke ji a ransa idan wani abin alheri ya same shi, kamar haihuwa ko cin jarrabawa ko dawowar matafiyi. Wadatar zuci kuwa gamsuwa ce da rayuwa ɗungurungum, wadda ba ta tafiya da wucewar biki. Hausa ta raba su tun da daɗewa, ta kuma ƙara da na uku, wato rufin asiri: mutum ya ci, ya ciyar da iyalinsa, ya yi sutura, ba tare da ya miƙa hannu ga kowa ba. A Zariya idan dattijo ya yi wa yaro addu'a, ya fi yawan cewa "Allah ya rufa asiri" a kan "Allah ya ba ka dukiya". Malaman zaure na cikin Birni suna kafa hujja da hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadatar zuci ce.

Yadda ake auna shi

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne tsanin da masanin halayyar ɗan Adam Hadley Cantril ya fito da shi a 1965. Ana ce wa mutum ya ƙaddara tsani mai hawa daga 0 zuwa 10, sama ita ce rayuwa mafi kyau da zai iya samu, sannan ya faɗi matakin da yake a kai. Da amsoshin nan ne ake tsara rahoton farin ciki na duniya, wanda aka fara fitarwa a 2012, kuma Finlan ce ke kan gaba tun 2018. Rahoton yana danganta bambancin ƙasashe da abubuwa shida: samun kuɗi, tsawon rai cikin lafiya, samun wanda za a jingina da shi ranar wuya, 'yancin zaɓar wa kai hanya, kyauta, da ƙarancin cin hanci.

Tambayar tana da tarko. A 2003 mujallar New Scientist ta ba da labarin wani bincike da ya sa 'yan Najeriya a kan gaba wajen cewa suna cikin farin ciki, alhali a ma'aunin tsani ƙasar tana can ƙasa da tsakiya. Wanda ya san gaisuwar Bahaushe ba zai yi mamaki ba. Ka tambayi tela a Tudun Wada "ya aiki?", ko da wuta ta kwana uku ba ta zo ba kuma ɗinkin sallah ya taru a kansa, "da godiya" zai ce maka. Ba ƙarya ya yi ba, amma ba shi ke nan labarin ba.

Kuɗi

Kuɗi suna da tasiri, musamman ga wanda bai da su. Wanda ke lissafin kuɗin magani a bakin asibiti ba ya buƙatar a yi masa bayani. Sai dai a 1974 masanin tattalin arziki Richard Easterlin ya lura cewa arzikin Amurka ya ƙaru shekara da shekaru ba tare da farin cikin mutanenta ya ƙaru daidai da shi ba. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne mutum yana auna kansa da maƙwabcinsa, kuma yana saurin sabawa da abin da ya samu. Har yau masana na jayayya a kan wannan.

Zumunci

Nan ne bincike da al'ada suka fi haɗuwa. Jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar wasu samari tun 1938, daga baya adadinsu ya kai 724, kuma abin da ya fi nuna wanda zai tsufa cikin lafiya da jin daɗi shi ne kyawun dangantakarsa da mutane. A ƙasar Zazzau an daɗe da gina wa zumunci tsari. Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana yadda mata ke ƙulla ƙawance da musayar kyauta, ƙawa ta tsaya wa ƙawarta a aure da suna. Abin bai mutu ba. A gidan biki za ka ga wata zaune da littafi tana rubuta gudummawar kowace mace, domin ranar nata bikin a mayar mata, yawanci da ƙari. Adashe ma haka yake, rabinsa tanadi, rabinsa dalilin leƙa juna.

Maza kuma suna da majalisa: benci ko dakali a ƙofar gida bayan la'asar, inda ake jin wanda ya kwanta ciwo da wanda aka yi wa rasuwa, a tashi a tafi dubiya ko ta'aziyya tare. Zumuncin yana da nauyinsa, don ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yakan tarar an raba albashinsa tsakanin dangi tun kafin wata ya ƙare, kuma yawan gudummawar biki na jefa wasu matan cikin bashi.