Tsaikon Safarar Kayayyaki na 2021 zuwa 2022

Tsaikon safarar kayayyaki na 2021 zuwa 2022 shi ne cikas ɗin da ya afka wa jigilar kaya tsakanin masana'antu da kasuwannin duniya bayan ɓullar annobar korona. Ya fi tsanani a hanyar teku da ta haɗa gabashin Asiya da Amurka, inda jiragen ruwa suka riƙa yin makonni a bakin tasha ba a sauke su ba, kuɗin dakon kwantena ya ninka kusan sau bakwai, kamfanonin ƙera motoci kuma suka dakatar da aiki saboda rashin 'yan ƙananan kayan haɗi. Tsaikon ya tayar da gardama kan halin da direbobin manyan motoci suke ciki, ya kuma sa gwamnatocin Amurka da Turai suka zuba kuɗi don farfaɗo da masana'antun cikin gida.

Mafari

Tun shekarun 1980 manyan kamfanonin duniya suka ɗauki wata dabara da Toyota ta yi suna da ita a Japan: kada a tara kaya a sito, a kawo kowane abu daidai lokacin da za a yi aiki da shi. Kaya a sito kuɗi ne a kwance, ga kuɗin haya, ga na gadi. Kwantena, wadda wani ɗan kasuwar Amurka, Malcom McLean, ya fara jigila da ita a 1956, ta riga ta sauƙaƙa dakon teku har ya zama ƙera abu a Asiya a kawo shi Amurka ya fi arha da a ƙera shi a gida. Da ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001, sai masana'antu suka ƙara kwarara can. Ma'aikatan masana'antu a Amurka, waɗanda suka kai miliyan 19.5 a 1979, sun ragu zuwa ƙasa da miliyan 12 a 2010.

Tsarin ya kawo arha, amma bai bar rara ba. Babu kaya a ajiye, babu jirgi a tsaye yana jiran ko-ta-kwana, babu fili a tasha.

A farkon 2020 aka rufe masana'antun Sin, kamfanonin jiragen ruwa kuma suka soke tafiye-tafiye da yawa suna zaton kasuwa za ta mutu. Hasashen bai yi daidai ba. Amurkawan da kulle ya hana tafiye-tafiye da cin abinci a waje, ga kuma tallafin gwamnati a aljihu, sun karkata kuɗinsu ga sayen kujeru, kwamfutoci, kekuna da na'urorin motsa jiki. Daga tsakiyar 2020 oda ta yi wa masana'antun Asiya yawa, alhali kwantenonin da za a zuba kayan suna warwatse a tashoshin Amurka da Turai babu komai a ciki. Kamfanonin jiragen suka gwammace su mayar da su Asiya fanko cikin hanzari da su jira manomin Amurka ya cika su da waken soya, domin riba tana can.

Sai kuma tsautsayi ya yi ta biyo baya. Ranar 23 ga Maris 2021 jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gicciye a mashigin Suwez na Masar, ya toshe shi kwana shida, jirage fiye da 400 suka yi layi. A watan Mayu da Yuni aka taƙaita aiki a tashar Yantian ta birnin Shenzhen a Sin saboda korona, a watan Agusta kuma aka rufe wani sashe na tashar Ningbo, ita ma a Sin, bayan an samu ma'aikaci guda da cutar. A ma'aunin kamfanin Drewry, mai bin diddigin kuɗin dakon teku, dakon kwantena mai ƙafa 40 ya haura dala 10,000 a Satumban 2021. A 2019 kusan dala 1,400 ne. Masu jiragen sun kwashi garaɓasa: ribar kamfanin jiragen ruwa na Maersk ta kai kimanin dala biliyan 18 a 2021, da biliyan 29 a 2022.

Cunkoson Los Angeles da Long Beach

Waɗannan tashoshi biyu na jihar Kalifoniya suna maƙwabtaka da juna, kuma a lokacin ta nan kusan kashi 40 cikin ɗari na kwantenonin da ke shiga Amurka suke bi. Kafin annoba da wuya a ga jirgi yana jiran wurin tsayawa. Ranar 9 ga Janairun 2022 jirage 109 ne a layi.

Abin da ya riƙe su yana tudu. Sito-siton da ke bayan gari sun cika, saboda haka masu kaya suka bar kwantenoninsu a tasha; tasha ta cika, babu inda za a ajiye na jirgin da ke tafe. Ga kuma ƙarancin shasi, wato gindin tirela mai tayoyi wanda ake ɗora kwantena a kai. Tashoshi sun ƙi karɓar kwantenonin da aka sauke wa kaya don rashin fili, sai suka zauna a kan shasi a harabar kamfanoni da gefen titi, direba kuma ba shi da abin da zai je ya ɗauko sabon kaya da shi. Wata dokar birnin Long Beach ta hana a jera kwantena fiye da biyu a kan juna a filayen da ke wajen tasha. Sai a Oktoban 2021 aka sassauta ta.

Ranar 13 ga wannan watan Shugaba Joe Biden ya sanar cewa tashar Los Angeles za ta koma aiki dare da rana. Direbobi kaɗan ne suka je da dare, tun da sito-siton da za su kai wa kayan a rufe suke a lokacin. Barazanar da hukumomin tashoshin biyu suka yi ta cin tarar kwantenar da ta daɗe a tasha ta fi tasiri: ba a taɓa karɓar tarar ba, amma tarin ya ragu.

Batun direbobi

Manyan motoci ne ke ɗaukar fiye da kashi 70 cikin ɗari na nauyin kayan da ake jigila a cikin Amurka. A Oktoban 2021 ƙungiyar kamfanonin manyan motoci ta ƙasar, ATA, ta ce ana ƙarancin direbobi 80,000. Adadin ya bazu a kafafen labarai, kuma da shi aka kafa hujja wajen saka wani shirin gwaji a dokar ayyukan raya ƙasa ta Nuwamban 2021, wanda ya ba masu shekara 18 zuwa 20 damar tuƙa tirela daga jiha zuwa jiha, aikin da a da sai mai shekara 21.

Ƙungiyar direbobi masu motar kansu, OOIDA, ta musanta wannan lissafi. Ta ce masu lasin suna nan da yawa, zama ne ba sa yi. A manyan kamfanonin dogon zango, yawan direbobin da ke barin aiki a shekara ya daɗe yana kai wa kusan kashi 90 cikin ɗari na adadin waɗanda ke bakin aiki. Kamfanin da yake sake kusan dukan direbobinsa kowace shekara, da wuya a ce matsalarsa ta rashin masu neman aiki ce.

Tushen abin yana komawa ga 1980, lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta cire hannun gwamnati daga ƙayyade farashin dako da ba da izinin hanya. Sababbin kamfanoni suka cika fage, kuɗin dako ya faɗi, ƙarfin ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ya ragu, albashin direba ya bi shi ƙasa. Yawancin direbobin dogon zango ana biyansu ne da yawan mil ɗin da suka ci. Doka ta ba direba tuƙin awa 11 a cikin awa 14 na aiki, sannan ya huta awa 10, kuma tun Disamban 2017 na'ura ce ke lissafa masa lokacin, ba littafin da zai gyara da biro ba. Duk awar da ya ɓata a layin tasha ko a ƙofar sito yana jiran lodi, an cire ta daga awanninsa, kuma galibi ba a biya shi ba. Wani bincike na jami'ar MIT ya gano cewa direban dogon zango yakan yi tuƙin kusan awa shida da rabi ne kacal a rana. Wanda ya san yadda direbobin tirela daga Kano suke kwana da kwanaki a layin Apapa zai gane lissafin: mota tana nan, direba yana nan, kaya ne ba ya motsi.

Direbobin da ke ɗebo kaya daga tasha sun fi kowa jin jiki. Da yawansu a takarda 'yan kwangila ne masu zaman kansu, man mota da gyara da bashin motar duk a wuyansu, ana kuma biyansu da yawan sawun da suka yi.

A Birtaniya ƙarancin ya fi zama na zahiri. Ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai ta sa direbobi 'yan gabashin Turai da yawa sun koma gida, annoba kuma ta tsayar da jarrabawar lasin manyan motoci. Ƙungiyar masu dakon kaya ta ƙasar ta ƙiyasta giɓin direbobi kusan 100,000. A ƙarshen Satumban 2021 gidajen mai suka ƙafe duk da cewa akwai mai a matatu, har gwamnati ta sa sojoji tuƙa tankoki, ta kuma ware bizar wucin gadi 5,000 ga direbobin waje. Kaɗan ne suka nema.

Ƙarancin cip

Cip shi ne ɗan ƙanƙanin allon silikon da ke sarrafa waya, kwamfuta, firiji da motar zamani, wadda takan ɗauki ɗaruruwansa. Kamfanonin motoci sun soke odarsu a 2020, masu wayoyi da kwamfutoci suka maye gurbinsu a masana'antun. Da cinikin mota ya dawo, sai suka tarar da kansu a ƙarshen layi. Matsanancin sanyin da ya katse wuta a Teksas a Fabrairun 2021 ya tsayar da masana'antun cip na Samsung da NXP da Infineon a Austin, a watan Maris kuma gobara ta kama masana'antar Renesas a Japan. Aka riƙa ganin dubban sababbin motoci a filayen ajiya suna jiran cip. Toyota, uwar dabarar rashin ajiya, ita ce ta fi daɗewa ba ta girgiza ba, domin bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011 ta sa masu kawo mata cip su riƙa ajiye na watanni. Ita ma a Satumban 2021 ta rage ƙira da kashi 40 cikin ɗari.

Farfaɗo da masana'antun gida

Rabon Amurka a ƙera cip na duniya ya sauko daga kashi 37 cikin ɗari a 1990 zuwa kusan 12 a 2020, mafi ingancinsa kuma a Taiwan ake yi, tsibirin da Sin ke cewa nata ne. Tsoron wannan dogaro ya haɗa kan 'yan manyan jam'iyyun Amurka biyu. Ranar 9 ga Agustan 2022 Biden ya sa hannu a dokar CHIPS, wadda ta ware kimanin dala biliyan 52 ga masana'antu da binciken cip. Mako guda bayanta wata doka ta ba da rangwamen haraji ga masu ƙera batura da motocin lantarki a cikin ƙasar. Tarayyar Turai ta yi tata dokar cip a 2023, da burin tara yuro biliyan 43. TSMC, mai ƙera cip ta Taiwan, ta gina masana'anta a Arizona, Samsung a garin Taylor na Teksas, Intel kuma ta yi alkawarin zuba dala biliyan 20 a Ohio.

Wani abu da ya faru a tsakiyar tsaikon ya nuna iyakar wannan magani. Kusan duk madarar jarirai da ake sha a Amurka a gida ake yin ta, a hannun kamfanoni ƙalilan, haraji da ƙa'idoji kuma sun toshe ta waje. Da aka rufe masana'antar Abbott da ke Sturgis a jihar Michigan a Fabrairun 2022 bisa fargabar gurɓata, kantuna suka wayi gari babu madara, har a watan Mayu jiragen saman soja suka fara ɗauko ta daga Turai. Dogaro da masana'anta guda yana da haɗari ko a ina take.

Yadda ya lafa

Hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Yunin 2022, babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa, mutane suka rage sayayya suka koma tafiye-tafiye. Kafin ƙarshen shekarar layin jirage a Kalifoniya ya ƙare, a 2023 kuma kuɗin dakon kwantena ya dawo kusa da na kafin annoba. Direbobin da suka ci bashi suka sayi mota lokacin da dako ke tsada sun tarar motoci sun fi kaya yawa, dubbai suka bar sana'ar. Kamfanin manyan motoci na Yellow, mai kusan shekara ɗari, ya durƙushe a Agustan 2023 da ma'aikata kimanin 30,000.

A wannan shekarar Mekziko ta zarce Sin a matsayin ƙasar da Amurka ta fi sayo kaya daga gare ta, wani ɓangare na kayan kuwa da kayan haɗin Sin aka harhaɗa shi. Masana'antar TSMC ta farko a Arizona ta fara fitar da cip a ƙarshen 2024, bayan jinkirin da kamfanin ya danganta da ƙarancin ƙwararrun ma'aikata. Ta Intel a Ohio, wadda aka tsara buɗewa a 2025, an ɗage ta zuwa 2030 ko bayan haka.