Mene ne insulinoma a jikin kare?

Insulinoma wani ƙari ne da ke fitowa a fankiriyas, wato ɗan sashen nan da ke maƙale kusa da tumbi da farkon hanji, shi ne ke samar da insulin. Aikin insulin dai kwashe suga daga jini ya kai shi cikin tsoka, to shi wannan ƙari ba ya jin tsaya, ko suga ya yi ƙasa ci gaba yake da zuba insulin. Kishiyar ciwon suga ke nan.

Yawanci karnukan da suka fara manyanta yake kamawa, wajen shekara 9 zuwa 10, musamman manya irin German Shepherd, Boxer da Labrador. Za ka ga kare na wasa lafiya ƙalau sai ƙafafun baya su saki, jiki na rawa, ido ya yi zuru kamar bai san inda yake ba, wani har ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, can kuma ya tashi garau. Wannan tashi garau ɗin shi ke yaudarar mutane su ƙi zuwa wajen likitan dabbobi da wuri. A jikin mutum galibi ƙarin ba ciwon daji (kansa) ba ne, amma a kare kusan duka ciwon daji ne, kuma kusan rabinsu kafin a gano ya riga ya bazu zuwa hanta ko kaluluwa.

Likita na gane shi ne idan sugan jini ya sauka ƙasa da 60 mg/dL a ma'aunin suga amma insulin na sama, sai a bi da sikanin. Maganin da ya fi tsawaita rai tiyata ce, a yanke ɓangaren da ƙarin yake, karen da aka yi wa kan yi shekara ɗaya zuwa biyu, wanda aka bari kan magani kawai sau da yawa 'yan watanni ne. Akwai magunguna irin prednisolone da diazoxide masu ɗaga suga, ga ciyarwa kaɗan-kaɗan sau 4 zuwa 6 a rana, a rage guje-guje.

Abin da na fi so a riƙe shi ne zancen zaƙi. In ya faɗi, ka shafa masa 'yar zuma a dasashi kawai, kar ka ɗura masa yana jijjiga don zai iya shaƙewa, kuma kar a mai da kayan zaƙi abincinsa, suga da yawa zuga ƙarin yake ya ƙara zubo insulin, sai ya sake faɗuwa fiye da na farko. Yana farfaɗowa a ba shi ɗan abinci a wuce asibitin dabbobi.