Waiwaye: Kafin Instagram, Matan Gonakin Rake Sun Rera Tasu

Tun fitowar littafin farko na Rupi Kaur, marubuciyar waƙoƙi 'yar asalin Indiya da ta tashi a Kanada, a 2014 ake ja-in-ja. Wasu na cewa gajerun baitocinta na Instagram ba su kai waƙa ba, wasu na ganin ita ta fara buɗe bakin matan Indiya da Pakistan mazauna ƙetare. Kowane ɓangare daga tsakiya ya ɗauko zancen.

An san rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, da ƙaurar da ta biyo baya zuwa Ingila, sannan Amurka bayan 1965. Daga nan aka samu Imtiaz Dharker, haifaffiyar Lahore da ta tashi a Glasgow, da Meena Alexander wadda ta yi ƙuruciyarta a Khartoum. Sun rubuta kan kulle, harshen uwa da rashin wurin da mace za ta kira gida.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne Guyana, ƙasa a Kudancin Amurka. A 1838 jiragen ruwa biyu, Whitby da Hesperus, suka sauke Indiyawan farko da za su yi ƙwadagon kwantiragi a gonakin rake, kuma ba a daina jigilar ba sai 1917. Mata ƙalilan ne. Ƙa'idar da aka kafa daga baya mata 40 ce ga maza 100. Da yawansu zawarawa ne ko waɗanda suka tsere wa aure, su kaɗai suka hau jirgi. Ƙarancin nan ya ba wasunsu damar zaɓen miji, amma ya jawo kishi har ana sare mata da adda. A ganina nan tushen yake: an ɗora wa mace mutuncin al'umma da riƙon harshenta, alhali ita ce mafi ƙarancin kariya.

Galibin matan ba su yi karatu ba, sai suka zuba damuwarsu cikin waƙoƙin biki da haihuwa da niƙa a harshen Bhojpuri na arewacin Indiya. Jikokinsu suka ɗauki alƙalami. Rajkumari Singh, marubuciya 'yar Guyana, ta tara matasan marubuta a shekarun 1970, kuma cikinsu akwai Mahadai Das, wadda kundinta na farko ya fito a 1977, shekara 37 kafin na Kaur. Masu muhawarar yau da wuya su ambaci sunanta.